Ruwan da Kika Ƙara wa Gonar Iya

Da sunan Allah Mai rahama.

Ummi,

Assalamu alaikum. Karɓi gaisuwar da bakina ya kasa yi miki a tsakar gida. Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, Ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin direba mai gyangyaɗi, Ya sa ɗakin da za a ba ki ya kasance na mutanen kirki. Amin.

In kina karanta wannan, to kin buɗe jakar laftof ɗin nan da na ajiye miki kika ture ta gefen tabarma. Mamanki ta ce za ta cusa ta ƙarƙashin zannuwanki, na ce ta cusa amma kada ta ce miki da takarda a ciki. Ina rubutun ne a bakin gona bayan la'asar, inji yana ta ɓaɓatu a kunnena, saboda haka in kin ga layi ya karkace ki san a kan gwiwa na ɗora.

Ba zan ba ki labarin gida ba, yanzu kika baro shi. Kakarki Iya tana nan, akuyarki tana nan, sabis ɗin waya bai shiryu ba kuma ba shi da niyya.

Mamanki ta gaya mini abin da kika ce. Wai kina isa makaranta za ki je ofis a canza miki kwas, a ba ki kowane iri ban da kwamfuta, tunda babanki ma ya faɗa gaban mutane cewa ƙwaƙwalwar kifi gare ki. To, na faɗa. Ban musa ba, mutanen da suka ji sun fi ƙarfin musu. Amma kafin ki taka ƙofar ofishin nan ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe. In kin gama kika ga har yanzu canjin kike so, ki canza, ba zan ɗaga miki murya ba. Kin ga ma na fara da alkawarin da ya fi mini wuya.

Ke kin san yadda abin ya ƙare, ni na san inda ya fara, shi ya sa zan maimaita shi.

Ina kasuwar Kafin Hausa na kira ki na ce albasar Iya tana jin ƙishi, ki buɗe manhajar da ke rarraba wa 'yan ƙungiyarmu ta noman rani layin ban ruwa, ki ƙara wa gonarta lokaci. Ni na aike ki. Ki riƙe wannan, domin washegari da mutane suka cika zaure ni ne na buɗe baki na ce, "Wa ya aike ki?" Kika buɗe, kika nemo inda aka rubuta awa, kika same ta a wuri ɗaya tak, can sama ƙarƙashin sunan Gona. Kika ƙara. Duk mai hankali abin da zai yi ke nan. Saƙo ya fita, amma ba wayar Iya kaɗai ya shiga ba, kowa ya samu. Na kusa da inji suka ga an ƙara musu lokaci, suka ce alhamdu lillahi, ba wanda ya tambayi dalili, ɗan Adam ba ya tambayar dalilin ƙari. Suka tare ruwa a fangalolinsu har ya kasa kaiwa ƙarshen magudana. Dashen tattasan Malam Bukar, dattijon nan na can ƙarshe, ya yi laushi ya kwanta.

Yanzu ga abin da ya kamata in zaunar da ke in nuna miki, maimakon ihun da na yi.

Abin da masu harkar ke kira kilas tsari ne kawai. Gona da na rubuta a sama ba gonar kowa ba ce, fasali ne na yadda kowace gona za ta kasance. Daga wannan fasalin ake fitar da gonar Iya, da ta Malam Bukar, da ta kowa, su ne ake ce wa objek. Duk abin da kika rubuta a jikin kilas kai tsaye, kamar babbar magudanarmu yake: guda ɗaya ce, kowa daga ita yake sha, in kin jefa mata ƙasa kowa zai ga ruwansa ya gurɓace. Abin da kuwa kika rubuta a wurin da ake haihuwar kowace gona, kika sa masa kalmar nan self a gaba, wannan 'yar rijiyar cikin gona ce, ta mai gonar ce shi kaɗai. Awa ta ban ruwa ya kamata ta zama rijiya. Ni na mai da ita magudana, saboda ranar da na rubuta kowa lokacinsa ɗaya ne, kuma ina sauri, kuma na ce gobe zan gyara. Goben nan ta girmi ƙaninki.

Kin ga ke nan ba ki taka komai ba sai tarkon da na haƙa na rufe da ciyawa na manta.

Kuma wallahi abin da ya fi ba ni haushi, ni na riga ki faɗawa cikinsa, faɗuwa ta ƙato. Lokacin kina firamare. Na gama haɗa manhajar a shagon cajin waya da nake tsaro, daga littattafan da na sauke a waya ina karantawa da ƙamus a cinya. Littattafan nan, Allah Ya shirye su, duk misalinsu kare ne da mota. Kare yana haushi, mota tana da taya huɗu. Ba wanda ya taɓa rubuta mini abin da zai faru in mutane suna jiran ruwa. Na sa jerin ranakun ban ruwa a jikin kilas, ƙwarya ɗaya. Na riƙa ɗaukar gona ina zuba mata ranarta, in ɗauki ta gaba in zuba, ina jin daɗi wai kowace tana da tata ƙwaryar. Ashe ko ta hannun wa na zuba, a ƙwarya ɗaya yake sauka. Da aka zo aika saƙo, kowace gona ta leƙa ta ɗauki ranar da ke sama, Talata.

Ummi, da kin ga bakin inji ranar Talatar nan. Kowa da fartanya, kowa da waya a ɗage kamar masu neman sabis. Wani yana cewa, "Ga shi nan a rubuce, yau nawa ne!" Wani ya ce, "To ni nawa Littafin Musa ne?" Shugaban ƙungiya ya hango ni tafe a kan keke ya ce, "Yauwa, ga injiniya. Sale, zo ka gaya mana, kogin ne ka ninka ko mu ne ka haɗe?" Aka bushe da dariya. Ni kuwa kin san ni, maimakon in ce na yi kuskure sai na ce wayoyinsu ne na banza. Har yau in na yi jinkiri a majalisa sai wani ya ce, "Ku ƙyale shi, sai Talata."

Abin da nake so ki ɗauka a nan ƙarami ne, amma zai raka ki har ki yi furfura. Duk abin da za ki ajiye, tsaya ki tambayi kanki: na kowa ne, ko na mutum ɗaya? Kada ki amsa da yadda yake a yau. Yau kowa lokacinsa ɗaya, gobe albasar wata tsohuwa za ta ji ƙishi. Kuma ki yi hattara da duk abin da ake zuba wa abu a ciki, jeri ne ko mene ne. In kin ajiye shi a jikin kilas, to kin ajiye ƙwaryar gayya. A ɗakin kwanan ɗalibai ma haka za ki yi. Tun ranar farko ku san wane bokiti ne na ɗaki, wane garin rogo ne na mai shi. Ki ba da naki da hannunki, kyauta ba ta rage arziki, amma kada ki bar shi a inda ba a san na waye ba, daga baya ki zo kina kumburi. A nan zumunci yake lalacewa, a kan abin da ba a faɗi na waye ba.

Na ce kumburi, sai na tuna da wani. Wannan ya fi kama da ni.

Kin san fanshin, ɗan aikin nan da ake rubutawa a kira shi ya yi abu ɗaya ya ƙare. Ni ina ɗaukarsa kamar ɗaki. Sunan da aka haifa a cikin ɗaki, a ɗakin yake rayuwa, ana fitowa ya mutu, na waje bai ma san an yi shi ba. Kwamfuta in tana neman suna, ɗakin da take ciki take fara dubawa, in babu ta fito tsakar gida, in babu ta leƙa titi. Na kusa shi take ɗauka. Wannan iyakar rahama ce, ni na ɗauke ta takura.

Ina da wani suna a fili, waje da kowane ɗaki, mai riƙe da wanda layin ruwa ya zo kansa. Wata rana na so in taɓa shi daga cikin fanshin ɗin da ke buga rahoto, kwamfuta ta ƙi, ta yi mini jan rubutu. Na sake, ta sake. Raina ya ɓaci. Na tuna na ga an ce in ka sa kalmar gulobal a gaban suna za ta yi shiru. Na sa. Ta yi shiru kuwa, shiru irin na matar da ta gaji da magana. Ashe duk lokacin da na buga rahoto, fanshin ɗin yana bin gonaki ɗaya bayan ɗaya yana ɗora su a kan wannan sunan, in ya gama ya bar shi a kan ta ƙarshe ya fita. Wace ce ta ƙarshe? Gonar Iya. Ni da kaina na sa ta a ƙarshe don kada a ce na fifita uwata. Sai ga layi yana ta komawa kan Iya, yau Iya, jibi Iya. Magana ta zaga har Jahun wai ɗan Iya ya saya wa uwarsa kogi. Iya ta kira ni ta ce, "Kai Sale, ni ban aike ka sata ba. In ruwan mutane ne kake juyo mini, albasar nan ba za ta shiga cikina ba." Na rantse, na sake rantsewa, ina neman ɓarawo a ko'ina alhali ga shi nan na rubuta shi da yatsana don kawai a daina yi mini ƙorafi.

Don haka in kwamfuta ta yi miki jan rubutu, karanta shi. Ba zagi ba ne, ita ba ta iya zagi ba, ni ne na iya. Mai ƙorafi ba maƙiyinki ba ne, ko malami ne ko ƙawa. Kuma in abu zai shiga ɗaki, miƙa shi ta ƙofa da hannu. In zai fita, fito da shi da hannu ki damƙa wa mai jira. Kada ki bar shi a titi kowa ya wuce ya shafa.

Kin san inda zan je da maganar nan, ba sai na yi ta kewaye ba. Fushina na ranar nan, a ɗaki aka haife shi, a ɗaki ya kamata ya mutu. Da na ja ki ciki na yi faɗana, da mamanki ta ce "ya isa," da zuwa magariba kin kawo mini shayi kina harara, shi ke nan. Sai na fito da shi zaure, na ɗora a titi, yanzu duk wanda ya wuce yana iya ɗauka ya jefe ki da shi. Tun ina yaro haka bakina yake, ya riga kaina isa wuri. Iya takan ce an yanke mini cibiya da harshe. Mutanen garin nan suna ganinmu tare su ce, "Yayanki ne?" saboda na haife ki gashin bakina bai gama fitowa ba. Wani lokaci ina ganin gaskiyarsu. Tare muka girma da ke, sai dai ke kin riga ni hankali.

Saura Malam Bukar. Kin san shi da tattasai, amma ba ki san dalilin da ya sa ba na iya haɗa ido da shi in ana maganar shinkafa ba. Kowa a ƙungiya ya sani, ke ce kina ƙarama.

A manhajar akwai abu ɗaya da na sa a jikin kilas kuma daidai na yi: gargaɗin tasowar kogi. Kogi ɗaya ne, in ya taso ya taso wa kowa, to wurinsa ke nan. Da damina in aka ce ruwa yana tafe, sai in canza shi a wuri ɗaya, saƙo ya tafi wa kowa ya janye injinsa ya yanke abin da ya nuna. Wata rana ina gwaji, na ɗauki gonar Malam Bukar na rubuta mata kai tsaye cewa kogi bai taso ba, don in ga yadda saƙon zai fito. Na gani, na rufe, na tafi cin abinci.

A nan ki buɗe ido, domin nan ne har waɗanda suka daɗe suke zamewa. Zuba abu a ƙwaryar gayya daban, ajiye sabuwar ƙwarya daban. Ranar Talata zubawa na yi, sai ya shafi kowa. Wannan karon ɗorawa na yi da alamar daidai a kan gona ɗaya, sai kwamfuta ba ta taɓa na kilas ba, ta ƙirƙira wa gonar Malam Bukar nata na kanta mai suna iri ɗaya. Daga ranar, duk lokacin da aka tambayi gonarsa ko kogi ya taso, ba ta leƙa sama. Tana duba na jikinta, ta ga an ce bai taso ba, ta tsaya a nan. Na kusa ya rufe na nesa.

Ruwa ya zo a shekarar, irin zuwan da ciyawar kachala ta toshe masa hanya ya rasa inda zai bi sai gonakin mutane. Na canza gargaɗi, wayoyi suka yi ƙara daga nan har hanyar Kirikasamma, kowa ya fita da amalanke. Wayar Malam Bukar shiru. Shi kuma lokacin yana jinyar ƙafa a gida, ya dogara da cewa in da wani abu zai ji. Da labari ya kai masa ta bakin mutane, shinkafarsa tana ƙarƙashin ruwa, injinsa sai da aka shiga da kwalekwale aka lalubo.

Na je gidansa ina shirin a zage ni, har na tanadi abin da zan mayar, kin ji ɗan banza. Na same shi a kan buzu yana jan carbi. Na yi masa bayani, kilas, objek, duk na zuba. Ya saurara har na gaji. Sai ya ce, "Sale, ni iyayena daga bakin Cadi suka taso, ruwa ya kore su, rashin ruwa ma ya kore su. Ban fahimci karatun nan naka ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka gano inda ramin yake?" Na ce na gano. Ya ce, "To je ka cike shi, kada wani ya faɗa. Ka sha fura kafin ka tafi."

Ranar da na yi miki ihu yana cikin zauren. Ya zauna har mutane suka watse. Ina ta huci ina cewa yaran yanzu ba sa ji, sai ya tsaya yana neman takalminsa, bai ko dube ni ba ya ce, "Ni da ka nutsar mini da shinkafar shekara, fura na ba ka. Ita da ta kwantar mini da dashen da zai tashi, ka ba ta wannan. Allah Ya kyauta, injiniya." Ya sa takalmi ya fita.

Ummi, an zage ni a garin nan iri-iri, na rama duka. Wannan ban samu abin ramawa ba.

Dashen nasa kuwa, don kada ki tafi da shi a rai: na kai masa ƙaramin injinmu ya ja daga kududdufi, yawanci ya miƙe. Layin da ya mutu Iya ta ba shi iri ya cike. Da na gaya masa za ki tafi ya ce in ce miki Allah Ya ba da sa'a, wai ki dawo ki karɓe aikin daga hannun mai zafin kai.

Ga abin da ya sa na ba ki labarinsa. Ina tsoron ranar nan a zaure na ɗora miki wani abu a jikinki, mai suna iri ɗaya da abin da na daɗe ina faɗa a kanki. Ki tambayi mamanki me nake cewa in kin fita. Ki tambayi masu shayin bakin tasha wa ya ishe su da labarin 'yarsa da ta gyara masa lissafi tana aji uku na sakandare. Wannan shi ne na asali, yana nan sama bai canza ba. Amma na ga yadda kike yi kwanakin nan: in an tambaye ki me babanki yake gani a kanki, ba kya leƙa sama, kina duba na kusa, ki ga kifi, ki tsaya. Na san abin da irin wannan yake jawowa, na ga shinkafa a ƙarƙashin ruwa. Maganinsa a kwamfuta layi ɗaya ne: a goge na jikin gonar, sai ta koma tana ganin na sama da kanta. Ba ni da hannun da zai kai in goge miki. Ni na rubuta, amma ke kaɗai ke da izinin gogewa. Ina roƙonki ki goge. Ki yafe mini.

Kuma akwai wani amfanin wannan ɗabi'ar ta kwamfuta, ba kullum take cuta ba. Za ki ji ana cewa 'yar Sale ce, zafin kai gado ne a gidansu. Na ga kin fara, ranar da kika ture jakar nan har ƙafarki irin tawa ce. Ki sani abin da ke jikin kilas ana ɗaukarsa ne kawai in ba ki da naki. Kina iya ajiye naki ya rufe nawa, kuma a wannan wurin ina so ki rufe. Ki ɗauki nacin karatu a wurina, ki bar mini bakin. Haƙuri ki ɗauko na mamanki, ta tara da yawa, ni ne shaida, ni ne ma dalili. Amma akwai abubuwan da ban yarda ki yi naki daban ba: salla a kan lokaci, gaskiya, da labarin gida. Waɗannan kogi ne. Kada ki zauna can da tsohon labarinmu a kanki kina cewa kowa lafiya. Ki kira Iya ranar Juma'a, ko ba ki kira ni ba.

Laftof ɗin, batirinsa ba ya riƙe wuta sosai, kuma harafin nan na gefe sai kin danna da ƙarfi. Kada ki ba kowa aro ya fita da shi daga ɗaki. Na sa miki manhajar ban ruwa a ciki yadda take ranar da kika taɓa ta, da ramin da komai, amma na cire lambobin mutane, ba ta haɗe da wayar kowa. Wannan ma laifina ne, da tun farko ina da ta gwaji daban da ba a kai ga haka ba. Ki farfasa ta yadda kike so. Ki ƙara wa Gona awa ki ga kowa ya canza, ki ƙara wa gonar Iya ita kaɗai ki ga saura ba su motsa ba. Ki yi da hannunki, karatun nan ba ya shiga ta ido. Ta wurinmu na riga na gyara, kowace gona da lokacinta yanzu. Ban nuna miki yadda na yi ba da gangan. Ki gyara taki, in kin zo hutu mu ajiye su gefe da gefe. In taki ta fi kyau zan yi fushi, na san kaina, amma a ɗaki zan yi shi.

Kada ki ji tsoron waɗanda suka zo da Turanci mai santsi, kuma kada ki raina su, wasunsu sun iya da gaske, ki zauna kusa da su. Abin da ba ki gane ba ki ɗaga hannu. Ni ban samu wanda zan ɗaga wa hannu ba, shi ya sa gonakin mutane suka zama allona. Ke an ba ki malamai, ki gajiyar da su.

Abu na ƙarshe. Ke ce 'yar fari, kuma sunan Iya kika ci. Kunya biyu ke nan ta hau kaina, shi ya sa tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunanki na yanka ba. Ummi nake cewa, Iya ta ce takwara, mamanki ta ce "ke yarinyar nan." Waɗannan duk sunayen cikin gida ne, ba sa aiki a inda za ki. A can wani zai ɗaga takarda ya kira ki da sunan gaskiya gaban jama'a ko a jikinsa, kuma ba wanda zai san 'yar wace ce ke, balle abin da aka faɗa a wani zaure a Haɗeja. Ya ɗan ƙona mini rai a ce baƙo zai riga ni. Takardar nan kuwa ɗaki ce, daga ni sai ke, in kin ninke ta abin da ke ciki ba ya fita. To bari in riga shi, Iya ta yafe mini.

Zainabu, kanki lafiya lau. Kada ki canza kwas.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya buɗa miki abin da ya rufe mini. Allah Ya haɗa ki da malamai masu haƙurin Malam Bukar, Ya raba ki da masu baki irin na ubanki. Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya, kina kan ƙafarki, mu kuma muna raye.

In kin isa ki turo saƙo ta wayar mamanki. In kin ga dama ki turo ta tawa.

Wassalam.

Babanki,
Sale